Kariyar da Tsarin Mulki Ya Ba Gwamnoni da Iyakarta

 

Mas'alar da za mu tattauna a wannan zama ita ce kariyar da tsarin mulkin Nijeriya ya ba gwamnonin jihohi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa gwamna ya fi ƙarfin doka, sai suka naɗe hannu suna jiran wa'adinsa ya ƙare. Wannan fahimta tana buƙatar gyara.

Da farko mu san girman abin da ke hannun gwamna. Sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya danƙa masa ikon zartarwa na jiha. Shi ke naɗa kwamishinoni da amincewar majalisar dokoki, shi ke gabatar da kasafin kuɗi, kuma sashe na 212 ya ba shi ikon yin afuwa ga wanda ya karya dokar jiha. Dokar filaye ta 1978 kuwa ta sa ƙasar jiha baki ɗaya a hannunsa bisa amana. Amma 'yan sanda na tarayya ne. Sashe na 215 ya yarda gwamna ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, sai dai kwamishinan na iya neman a miƙa maganar sama kafin ya aiwatar.

Kariya kuwa tana cikin sashe na 308, kuma mutum huɗu ta shafa: shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Muddin suna kan kujera, ba a shigar da su ƙara, ta laifi ko ta haƙƙi, ba a kama su, ba a tilasta musu bayyana gaban alƙali. Hujjar masu wannan tsari ita ce kada a cika shugaba da ƙararraki har ya kasa gudanar da aikin jama'a.

To amma wannan kariya tana da iyaka ta fuska uku. Ta farko, ba ta hana a kai gwamnatin jiha ƙara a kan ayyukanta, ko da sunan ofishin gwamna ne a takardar. Ta biyu, ba ta hana bincike. A 2002, a shari'ar da lauya Gani Fawehinmi ya kai Sufeto Janar na 'yan sanda, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ana iya binciken gwamna yana kan mulki, gurfanar da shi ne kawai ake jinkirtawa. Ta uku, tana faɗuwa ranar da ya sauka. Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba sun bar mulki a 2007, kotu ta ɗaure su a 2018 saboda almundahana da dukiyar jama'a, kafin a yi musu afuwa a 2022. Haka kuma kariyar ba ta ƙetare iyakar ƙasa: a Landan aka kama Diepreye Alamieyeseigha a 2005 yana gwamnan Bayelsa.

Sai dai mu lura da wannan tazara. Shekara 11 tsakanin sauka da hukunci! A irin wannan lokaci shaidu sun watse, takardu sun ɓace, yaron da aka cinye kuɗin makarantarsa ya girma cikin jahilci, majinyacin da bai samu magani ba an daɗe da yi masa sutura. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Shin babu wata hanyar tsayar da ɓarna tun tana faruwa?

Akwai ta, kuma tana hannun majalisar dokokin jiha. Sashe na 188 ya ba ta ikon tsige gwamna. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su amince a yi bincike, Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai, kwamitin ya kawo rahoto cikin wata uku, sannan kashi biyu cikin uku su karɓi rahoton. Da zarar an tsige shi, kariya ta tafi. Ta wannan ƙofa aka cire Alamieyeseigha a watan Disamba na 2005, aka gurfanar da shi, aka yanke masa hukunci a 2007.

Amma wannan makami ya sha faɗawa hannun son zuciya. Gwamnan farko da aka tsige a ƙasar nan shi ne Alhaji Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna, a 1981, bayan doguwar takaddama tsakanin jam'iyyarsa ta PRP da NPN mai rinjaye a majalisa. A 2006 wasu 'yan majalisar Oyo suka taru a otal suka tsige Rashidi Ladoja, har Kotun Ƙoli ta rushe aikin nasu a cikin shekarar. A wasu jihohin kuma akasin haka ake gani: majalisa ta zama 'yar amshin shatan gwamna, duk abin da ya aiko ta sa hannu.

Saboda haka, 'yan uwa, fa'idar da za mu ɗauka ita ce: ingancin gwamna yana rataye da ingancin majalisar da ke kansa. Mukan cika gari da hayaniya ranar zaɓen gwamna, alhali da yawanmu ba mu san sunan wakilin mazaɓarmu ba. Wannan wakili shi ke amincewa da kasafin kuɗi, shi ke da ikon kiran kwamishina ya yi bayani, shi ke riƙe da ƙuri'ar tsigewa. Mu san shi, mu nemi kasafin jiharmu mu karanta, mu riƙa tambayarsa a rubuce inda kuɗin asibiti da makaranta suka shiga. Ranar zaɓe kuma mu duba amana da ilmi, kada a saye mu da atamfa da sabulu.

Su kuma masu riƙe da mulki, muna tunatar da su cewa sashe na 308 jinkiri kawai yake bayarwa, kuma akwai ranar hisabin da babu wani sashe da zai kare kowa.

Allah Ya ba mu shugabanni adalai, Ya ba mu ikon yi musu nasiha da gaskiya.