Kafin ka sayar wa ɗan jari-bola tasar kakarka

Yau daga gida nake magana, Unguwar Gai, kuma zancen kwalliyar Sallah za mu yi. Ba ta jiki ba fa, ta ɗaki.

Bari in fara da abin da ya ja ni. Bara, ana saura kwana biyar Sallah, ƙanina ya kwashe tsofaffin tasoshin kakarmu ya sayar wa ɗan jari-bola a kan sikeli, ya sayo furannin roba. Da ta ga gurbinsu, sai ta kalle ni ta ce, "Maigida, da waɗannan aka yi min jere." Ba ta ƙara komai ba. Wallahi har yau maganar tana cina. Furannin kuwa kafin babbar Sallah sun koɗe.

Kun gane, ƙawata ɗaki da kayan gida ba baƙon abu ba ne wurinmu. Jeren amarya da ƙwarya aka fara shi, aka zo kan tasa da langa, kafin kwabet da kayan tangaran. Ƙwarya in ta fashe ba a yar da ita, gyartai ake kira ya ɗinke. Aci-balbal kuma da gwangwani ake ƙera ta. Yau a intanet ana ta koyar da sake sarrafa tsofaffin kaya kamar sabon ilimi, alhali kakanninmu sun daɗe a kai. Je ka Gidan Makama a Kano, za ka ga irin kayan da muke zubarwa an killace su ana zuwa kallo.

To me za ka iya yi a makon nan?

Na ɗaya, tasa. Jiƙa tsamiya, haɗa da toka, goge a hankali, ɗauraye, shanya. Ƙyallinta zai dawo. Kwanon fenti kuwa sabulu kawai, kar a kankare shi.

Na biyu, faifai. Samu biyar ko bakwai masu girma daban-daban, ka jera su a bango da ƙananan ƙusoshi. In gefe ya warware, zaren buhu zai kama shi.

Na uku, je wurin tela. A daren Sallah ƙyallen atamfa da shadda tuli yake yi, yawanci bola za a kai. Haɗa su ka yi rigar filo, ko ka yanka ka jera a igiya a ƙofar zaure. In akwai tsohon zanen saƙi mai rinin baba a adaka, rataye shi. Mu mutanen ƙasar Rano ne, a tarihin Hausa Bakwai Kano da Rano ake kira sarakunan baba. Namu ne.

Na huɗu, gwangwanin madara ko tumatir. Cika shi da yashi don kar ya lotse, huda zane da ƙusa, zazzage, saka ƙaramar fitilar batir a ciki.

Gargaɗi biyu, don Allah. Kar a sa kyandir kusa da zana ko labule. Sannan robar maganin feshi ta gona kar ta shigo ɗaki ko an wanke ta, guba ce, yara kuma komai baki suke kaiwa.

Yawwa. Ban ce kar a sayi sabo ba, mai hali ya saya. Amma kar ka ci bashi don kwalliyar kwana uku. Kuma kafin ka taɓa kayan tsohuwa, zauna ka tambaye ta labarinsu, ka nemi izininta.

Wanda ya gwada ya turo mana hoto. Allah ya kai mu Sallah lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.