Manomin Rani da Ciwon Haƙori



A yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir, da wuya manomi ya nemi likitan haƙori sai ciwo ya hana shi barci. Ranar ban ruwa ba ta jira. Kuɗi sai an yi girbi. Ga nisa, domin yawancin likitocin haƙori suna birnin Kano, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Shi ya sa ake cusa kanumfari a kogon haƙori, ko a sayo ƙwaya a kemis. Zogi ya lafa, kogo kuwa yana ƙara zurfi. Daga ƙarshe sai cirewa.

Jama'a, a je asibiti tun kogon yana ƙarami.