Rasit ɗin Tikiti da Bolar Bayan Rumfa: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka daure suka zo, ina gaishe ku. Allah ya maimaita mana.

Ni dai kun san ni, kayan miya nake sayarwa. Da aka ce in yi magana yau, na so in kuɓuce, sai malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce ai dalilin koyon rubutun ke nan. To ga takardar a hannuna, ni na rubuta ta. In na yi tuntuɓe ku yi haƙuri.

Shekara da shekaru ina biyan tikiti a kasuwa. A ba ni ɗan rasit, in ƙulle a bakin zane, da yamma in yar. Wata rana na kai shi aji, malama ta fassara mana abin da ke jiki. Ashe har da kuɗin shara a ciki! Alhali bolar da ke bayan layinmu ta kusa kai tsayin rumfa, in damina ta faɗi ruwan lambatu har ƙarƙashin faifan tumatirina. Mai saye ya zo, ya toshe hanci, ya wuce gaba. Bara ƙaramar 'yata ta kwanta da amai da gudawa, ribar sati uku ta tafi a kuɗin ƙarin ruwa.

Da can in na ga shara sai in ce gwamnati ba ta aiki, ban san wace gwamnatin ba. Yanzu na sani. Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da magudanan ruwa, da banɗakunan jama'a, da kwashe shara, har da lambuna da filayen shaƙatawa. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, duk wannan nauyin yana kansu. Jihohi da yawa sun kafa nasu hukumomin kwashe shara, shi ya sa in kin je nan a ce ki je can. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. An yi ta ja-in-ja kan aiwatarwa, amma ko ba komai mun samu bakin tambaya.

Abin da na lura shi ne, ba da aikin ba wuya. A ba ɗan kwangila, ko a ɗauki masu shara. Wahalar ita ce wa zai bi sawu ya ga an yi? Motar da aka ce za ta zo sau biyu a sati, wa yake ƙirgawa? Ciyawar harabar asibitin sha-ka-tafi ta kai gwiwa, masu juna biyu suna zaune sauro na cizonsu, wa ya leƙa? Iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari, wanda har randa yake buɗewa. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har yau, ganinsu ne ya yi wuya sai ranar tara.

Kuma don Allah mu daina zagin matan nan masu shara. Tun asuba suke fitowa da tsintsiya, ba safar hannu, ba takalmin kirki, wasu zawarawa ne da marayu a gida. Ɗaya ta ce min tsintsiyar ma da kuɗinta take saya. Ita ta share ta tara, in mota ba ta zo ba iska ta mayar, laifinta ne?

Mu ma da namu. Ni da bakina, na sha zuba ruɓaɓɓen tumatir a lambatu in na ga ba mai kallo. Ledar fiya wata kuwa ba a magana. Ranar tsaftar ƙarshen wata mu yashe kwata, mu tara a bakin titi, ruwa ya zo ya mayar da shi inda ya fito.

Ga abin da muka fara a layinmu, ina roƙon ƙungiya ta ɗauka. Mun sayi littafi ɗaya. Duk ranar da mota ta zo a rubuta, ranar da ba ta zo ba a rubuta. Rasit a daina yarwa, a tara a gwangwani. Mai babbar waya ta ɗauki hoton bolar. In wata ya cika mu rubuta takarda, sarkin kasuwa ya sa hannu, mu kai wa kansilan mazaɓarmu, ɗaya kuma sashen lafiya na sakatariya. Ku tabbata an buga wa kwafinku hatimi kafin ku fito, don na taɓa kai ƙorafi da baki aka ce ba a taɓa ganina ba. Da muka koma da littafi, kujera aka ba mu. Ba a kwashe bolar duka ba tukuna, amma mota ta zo.

Muna neman mata biyu daga kowane layi, ko da ɗaya ce ta iya rubutu. Wadda ta yarda ta ba sakatariyar ƙungiya sunanta kafin a raba abinci.