Kuɗin Abuja da Asibitin Mazaɓarmu: Jawabi ga Kwamitocin Ci Gaba a Dingaya

 An nemi mu yi bayani a kan canje-canjen da aka samu a manufofin Gwamnatin Tarayya da kuɗin tallafi, da yadda suka shafi ayyukan taimakon jama'a a nan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu. Za mu faɗi abin da ya faru da shekarunsa, domin jita-jita ta yi yawa a kasuwa.

Mu fara da abin da kowa ya ji a jikinsa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin kwanaki, kuma a Oktoba 2024 ta wuce Naira 1,000. A watan Yuni 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Ga mai aikin agaji, wannan yana nufin kuɗin da a da yake kai mu ƙauyuka huɗu, yanzu da ƙyar ya kai mu biyu. Ga maigida kuwa, kuɗin motar da za ta ɗauki mai naƙuda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ya zama abin da sai an sayar da akuya.

Gwamnati ta yi alkawarin rage raɗaɗi. A Oktoba 2023 aka ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata har wata uku, da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. A Janairu 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, aka kuma tsayar da shirye-shiryen tallafi na tarayya, har da ciyar da 'yan firamare, domin bincike. Da aka dawo da rabon kuɗin sai aka sa sharaɗi: sai mai lambar NIN, kuma kuɗin ta asusun banki ko ta waya zai shigo. Ba mu ga laifin sharaɗin ba, don an daɗe ana cin kuɗin talaka da sunayen bogi. Amma ku dubi waɗanda ba su da lambar. Gwauruwa ce da ba ta taɓa shiga banki ba, da tsohon da ƙafarsa ba ta kai shi hedikwatar ƙaramar hukuma, da matan rugage. Wato waɗanda aka yi shirin dominsu su ne suka fi saurin faɗuwa a tankaɗe.

Sai kuma iska ta kaɗo daga ƙetare. Ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kuma a farkon Yuli na shekarar aka rufe hukumar USAID. A Fabrairu 2025 ita ma Ingila ta ce za ta rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta kafin 2027. Wannan na biyu ya fi kusa da mu, domin Jigawa na cikin jihohin da Ingila ta daɗe tana zuba kuɗi. Manyan cikinmu za su tuna da PATHS a asibitoci da ESSPIN a makarantu. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don toshe giɓin. An gode, amma ramin ya fi ƙasar cikon yawa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda muka sani da aikinta a Jahun, ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Mu kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 64 cikin kowane ɗari a Jigawa sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Ba mu da ƙarfin da za mu jure irin wannan girgiza.

Muna gaya muku gaskiya, mu kanmu ƙungiyoyin agaji abin ya taɓa mu. Masu ba da taimako sun ragu, masu nema sun ƙaru. Duk wanda ya ce muku abubuwa za su koma yadda suke a da, ku saurare shi da kunne ɗaya.

To, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Akwai kuɗin da ba kyauta ba ne, doka ce ta ba ku, kuma a kansa muke so mu tsaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ma'aikata ke kira BHCPF. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya a zuba a ciki. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, kimanin Naira biliyan 55. Rabin kuɗin na biya wa marasa ƙarfi magani ne ta hanyar inshora, wanda a jiharmu hukumar JICHMA ke kula da shi. Kashi 45 na magunguna ne da alluran rigakafi, gyaran gini, kayan aiki da ma'aikata. Kashi 5 na taimakon gaggawa.

Abin da ya bambanta wannan asusu da sauran shi ne, wani ɓangarensa yana tafiya kai tsaye zuwa asusun bankin asibitin da aka zaɓa, duk bayan wata uku. Manufar ita ce a samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, kuma Jigawa na da mazaɓu 287. Dingaya mazaɓa ce, haka Sara, Kila, Basirka, Fagam da Farin Dutse. A shekarun farko abin da ake turawa kimanin Naira 300,000 ne a wata uku. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma yana gyara rufin ɗakin haihuwa, ya sayi kwan fitila da safar hannu, ya cika kwabar magani. Kuma tsarin ya ce shugaban asibitin ba zai fitar da kuɗi shi kaɗai ba, sai da sa hannun shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa. Wannan kwamiti ku ne. Idan ba ya zama, ko kuma yana sa hannu a takardar da bai karanta ba, to an bar ƙofa a buɗe.

Kada a ɗauka muna zuga ku ku yi faɗa da ma'aikatan lafiya. Da yawansu su kaɗai suke kwana a bakin aiki, dare da rana. Kwamitin da ya san aikinsa garkuwa ne gare su, domin idan kuɗi bai shigo ba, jama'a za su san ba su ne suka ci ba. Tambayoyin ma ba masu wuya ba ne. Nawa ya shigo a wannan zangon, kuma yaushe? Me aka rubuta za a yi da shi? Mutum nawa daga mazaɓar nan aka yi wa rajistar magani kyauta, kuma wa ya zaɓe su? A manna amsar a bangon asibiti da Hausa, da boko da ajami. Kuma a sa mata a kwamitin da gaske, ba don cika lissafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su ne kuwa suke zaman layin awo.

Akwai ƙofa ta biyu. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba, kuma kada a ba kantomomin riƙo. Shekara guda bayan hukuncin, a yawancin ƙasar nan ba a fara aiwatar da shi yadda kotu ta ce ba. Duk da haka, abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma a wata ba sirri ba ne, ana buga shi, kuma yawan Nairar ya ƙaru tun da aka cire tallafin mai. Daga wannan kaso ake biyan malaman firamare, daga nan ake sa ran gyaran famfon tuƙa-tuƙa da magudanar ruwa. Kansilanku yana da kujera a majalisar da ke amincewa da kasafin Gwaram. Ku gayyace shi zaman kwamiti, ku ba shi buƙatu biyu ko uku a rubuce, ku ajiye kwafi. Mun kuma san jihar nan ta taɓa nuna ana iyawa da kuɗin gida: a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 a wata ba tare da jiran wata ƙasa ba.

Ga abin da mu za mu iya ɗauka. Ba mu da kuɗin raba wa kowa, amma muna da babur da biro da mutanen da suka iya lissafi. Idan masu unguwanni suka tattara mana sunayen tsofaffi, gwauraye da naƙasassun da ba su da lambar NIN, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bafulatani, za mu nemi a turo masu rajista su zo gari maimakon a kwashi tsofaffi a kai su. Za mu kuma zauna da kowane kwamiti kwana ɗaya mu koya wa ma'aji da magatakarda yadda ake karanta takardar banki da rasit. Muna roƙon a kawo sunayen kafin zamanmu na gaba, kowace unguwa a takarda daban, da sa hannun mai unguwa.