Masu Riƙon Amanar Al'adun Afirka

Jawabin wannan karo ya shafi waɗansu ma'aikata ne waɗanda ba a cika jin sunayensu ba, wato masu gudanar da harkokin al'adu da tsara manufofinsu a ƙasashen Afirka. In aka yi zancen al'ada, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne makaɗi da kalangunsa, ko masassaƙi, ko ɗan wasa a dandali. To, amma kafin makaɗi ya hau dandali sai wani ya nemo kuɗi, ya tanadi masauki, ya rubuta yarjejeniya. Bayan taro ya watse kuma sai wani ya tattara abin da aka bari, ya ba shi lamba, ya adana. Masu wannan aiki sun haɗa da ma'aikatan gidajen kayan tarihi, da masu kula da tsofaffin littattafai, da masu shirya bukukuwa, da lauyoyi, da jami'an ma'aikatun gwamnati.

Nijeriya ta ga nauyin wannan aiki da idonta a shekarar 1977, lokacin da ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka fi sani da FESTAC. Na farko an yi shi ne a Dakar a 1966, a zamanin Shugaba Senghor. Na Nijeriya an buɗe shi a Ikko, wato Legas, ran 15 ga Janairu, aka rufe ran 12 ga Fabrairu, kuma an yi babban hawan daba a Kaduna. Mahalarta sun kai kimanin 16,000 daga ƙasashe sama da 50. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun shekaru kafin bikin aka shiga gina Babban Gidan Wasa na Ƙasa a Iganmu, aka kuma gina unguwa guda domin saukar baƙi, wadda har yau take amsa sunan bikin. Tafintoci, da direbobi, da masu tsara wa zai yi wasa a wane dandali da ƙarfe nawa, babu wanda aka tafa wa cikinsu, alhali kuwa da sun yi sakaci na kwana ɗaya da ƙasa ta ji kunya a idon duniya. A 1979 aka kafa cibiyar CBAAC domin ta riƙe kayayyaki da hotuna da muryoyin da aka naɗa a bikin.

Sai dai akwai abu ɗaya da masu shirin suka nema ba su samu ba. Alamar bikin ita ce siffar fuskar Sarauniya Idia ta Binin, wadda aka sassaƙa da hauren giwa. Tana cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Binin a 1897, kuma tana ajiye a babban gidan tarihin Biritaniya da ke Landan. Nijeriya ta nemi aronta kawai, aka hana. Dole aka sa masassaƙan Binin suka yi kwatankwacinta. Shekara ɗaya bayan haka, a 1978, shugaban hukumar UNESCO na lokacin, Amadou-Mahtar M'Bow, mutumin Senegal, ya yi kira ga ƙasashen duniya da su mayar wa al'ummomi da kayan gadonsu. An saurare shi da ladabi, amma abin da aka mayar a waɗannan shekaru bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya sauya al'amarin daga baya aiki ne na haƙuri, wanda ake yi a kan tebur da alƙalami. Wanda ya je neman kayansa ba shi da shaida, gaisuwa kurum ya je yi. Dole a san kowane kaya, daga ina ya fito, wa ya ɗauke shi, a wace shekara, ta hannun wa da wa ya bi. Ma'aikatan Afirka da takwarorinsu na Turai sun yi shekaru suna bin tsofaffin takardun gwanjo da littattafan rajista. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe wani kundi a intanet mai suna Digital Benin, wanda a lokacin buɗe shi ya ƙunshi kayan Binin sama da 5,000 da ke warwatse a ma'ajiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. A watan Yuli na wannan shekarar Jamus ta sa hannu a kan yarjejeniyar mayar wa Nijeriya mallakar kaya sama da 1,000, kuma a Disamba aka kawo kashin farko Abuja. Holan ta dawo da 119 a 2025. Faransa kuwa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abomey a 2021. Ranar miƙawa ministoci ne ke cikin hoto, amma jerin kayan da suka sa wa hannu wani ma'aikaci ne ya kwana a kansa.

Horar da irin waɗannan ma'aikata ya daɗe da samun gindin zama a wannan ƙasa. An buɗe gidan tarihin Esie a 1945, na Jos a 1952, na Ikko a 1957. A 1963, da taimakon UNESCO, aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos, inda ake koyarwa da Ingilishi da Faransanci, ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen Afirka dabam-dabam. A 1998 aka buɗe wata makarantar irin wannan aiki a Porto-Novo. Ta fuskar manufa kuma, shugabannin Afirka sun amince da Kundin Al'adun Afirka a Port Louis a 1976, Nijeriya ta ƙaddamar da tata manufar al'adun a 1988. Gaskiyar magana ita ce, a ƙasashe da yawa kuɗin biki ya fi kuɗin adanawa saurin fitowa daga baitulmali. Biki ana ganinsa, ana jin ganga. Maganin gara da gyaran rufin ɗakin ajiya kuwa ba su tara jama'a.

Ranar da masifa ta auku ake gane darajar waɗannan mutane. A 2012, da masu ɗauke da makamai suka mamaye Tambutu a ƙasar Mali, masu kula da littattafan garin, cikinsu har da Abdel Kader Haidara, suka riƙa zuba rubuce-rubucen malaman da a cikin akwatunan ƙarfe, suna fitar da su kaɗan kaɗan, waɗansu a mota, waɗansu a kwale-kwale ta Kogin Kwara, har Bamako. Dubbai da dubbai suka tsira ta haka. Daga cikin waɗanda suka rage a ginin Cibiyar Ahmad Baba, an ƙone ko an sace kimanin 4,000 a Janairun 2013. A Sudan kuma, bayan ɓarkewar yaƙi a 2023, an wawashe gidan tarihin ƙasar da ke Khartum, kuma abin da za a iya nema a kasuwannin duniya shi ne wanda aka riga aka yi wa hoto da rajista.

Wannan al'amari ya shafi mutanen ƙasar nan kai tsaye. Siffofin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, an yi ta satar su ana kai wa waje, musamman a shekarun 1990, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Siffar da aka tone da dare aka jefa a buhu ta rabu da ƙasar da ta kwanta a ciki, kuma daga wannan ƙasa ne masana ke gane shekarunta da irin rayuwar mutanen da suka yi ta. Kuɗin da mai tonon ya samu ba ya kai abin da dillali zai ci a kanta ko kusa.

Saboda haka ana tunatar da jama'a cewa Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da takardar izni ba, ta kuma hana sayar da su ga kowa sai wakilin da hukuma ta amince da shi. Manomi ko maginin da ya ci karo da irin waɗannan kaya, ya bar su inda suke, ya sanar da sakataren ƙaramar hukumarsa ko gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano, ko na Kaduna, ko na Jos. Iyalan da suka gaji littattafan malamai na Larabci ko na ajami su nisanta su daga danshi da gara, kada su manna musu gam ko su shafa musu mai da sunan gyara. Wanda ke neman shawara kan adana su yana iya tuntuɓar Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, dukansu a Kaduna.