Kamarar Tsaro da Ƙofofin Rauta: Kada Mu Bar wa Ɓarawo Hanya

 

Da yawanmu mun sa kamarar tsaro a shaguna da gidaje, don in mun tafi Arewa Sallah mu riƙa leƙa dukiyarmu ta waya. To, hoton nan ba ya iso mana sai ya bi ta rauta, wato akwatin nan mai rarraba intanet.

Rauta kamar zauren gida take. Tana da katangar tsaro: na ciki ya aika waje a kawo masa amsa, amma baƙon da ba a kira ba, ba ya shiga. Ƙofofinta masu lamba ne, har 65,535. In muna son ganin kamara daga nesa, sai a buɗe guda ɗaya a ce duk mai sallama a nan a kai shi wurin na'urar ɗaukar hoto.

Ga yadda ake yi. Da farko a shiga rauta ta adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a canja kalmar sirrin da ta zo da ita, haka ma ta kamarar. Na biyu, a ba na'urar ɗaukar hoto adireshi tsayayye, don kada ya sauya in an ɗauke wuta. Na uku, a je inda aka rubuta "Port Forwarding" a buɗe ƙofar da ake bukata kaɗai: Hikvision tana amfani da 8000, Dahua kuwa 37777. Na huɗu, a rufe ƙofa ta 23, a kashe UPnP, domin shi yakan bar na'urori su buɗe ƙofa da kansu ba tare da saninmu ba.

Jama'a, wannan ba wasa ba ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shige kamarori da rautoci dubun dubata, saboda masu su ba su canja kalmar sirrin kamfani ba. Da su aka kai harin da ya tsayar da Twitter da Netflix a Amurka a watan Oktoban shekarar. Wanda ya iya shiga kamararka, ai ya san inda kake ajiye kuɗi, ya kuma ga iyalinka.

Sai masu rauta mai layin waya. Yawanci kamfanin sadarwa yakan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya. In adireshin wajen rautarka ya fara daga 100.64 zuwa 100.127, ko ka buɗe ƙofa ba za ta yi aiki ba. Kada ka ƙara biyan kowa. Yi amfani da manhajar kamfanin kamarar.

In an kira mai haɗa kaya, mu tambaye shi ƙofofin da ya buɗe, ya rubuta mana, kuma yana tafiya mu canja kalmar sirri. Allah ya tsare mana dukiya da iyali, amin.