Jawabi Kan Allurar Ƙarin Jini Ta 'Yan Tsere

Akwai wata allura, EPO, wadda likita kan yi wa mai ciwon ƙoda don jininsa ya ƙaru. 'Yan tsere suka shiga yinta a ɓoye, saboda mai yawan jini ba ya saurin haki. Tun wasannin Olimfik na Sidni, a 2000, ake awonta. A 2021 aka same ta a jikin Blessing Okagbare, gwanar gudun Nijeriya. A 2022 aka hana ta tsere shekara 10, kana aka ƙara ɗaya.

To, samarin Kura da Bunkure masu koyon gudu a bakin magudanan noman rani, a gargaɗe su. In an auna an samu, "ban sani ba" ba ta fid da mutum.